Ga mai zuwa karatu Jamus da ke son tuƙa motar kwana zuwa Maroko

Ƙanenmu, mun ga tambayarka. Ka ce ka sami gurbin karatu a Jamus, kana kuma son sayen tsohuwar mota mai gado da kicin a ciki, idan dogon hutun Agusta ya zo ka bi ta Faransa da Sifaniya ka tsallaka Maroko. Abu ne mai yiwuwa, sai dai kafin inji ya ba mutum matsala, takardu da nauyin kaya sun riga sun tsayar da shi.

Lasisin Najeriya wata 6 kawai yake aiki daga lokacin da ka fara zama a Jamus. Bayan nan sai ka ci jarabawar rubutu da ta tuƙi kafin su ba ka nasu, kuma makarantar tuƙi a nan tana cin kuɗi da lokaci, kada ka bari sai hutu ya ƙarato. Lasisin aji B, wato na ƙananan motoci, iyakarsa mota mai kilo 3,500, da kai da kayanka da komai.

Nan ne mutane ke yin sakaci. A takardar motar, gurbin F.2 yana nuna iyakar nauyin da aka yarda, gurbin G kuma nauyinta ba kaya. Ka cire wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne rabonka, kuma ba shi da yawa. Tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne cif. Tukwanen gas biyu masu kilo 11, idan ka haɗa da ƙarfensu, sun kusa kilo 50. Ga abokan tafiya, ga buhun shinkafa, ga tayar safaya. Ka loda komai, ka hau sikelin manyan motoci a auna ka kafin ranar tashi. Idan nauyi ya wuce, tara ce, birki kuma yana zafi a gangaren tsaunukan Sifaniya. Ruwa kwata tanki ya ishe ka kan hanya, ka cika inda za ka sauka. Mai alwala sau biyar ya fi lissafin Turawa shan ruwa, ka sa wannan a ƙidayarka.

Wajen saye, danshi ya fi tsatsa ɓarna. Ka danna bango da yatsa a kusurwoyi, da kewayen tagogi, da ƙarƙashin tagar rufi. Idan ya lotsa ko ka ji warin ruma, juya ka tafi komai arharta, katakon ciki ya riga ya ruɓe. Galibinsu a kan Fiat Ducato aka gina su, to ka nemi rasit na ranar da aka canza bel ɗin tayimin, don in ya tsinke a guje inji ya tafi. A gefen taya akwai lamba huɗu bayan DOT: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 a 2019. Irin waɗannan motoci sun fi daɗewa a ajiye, sai ka ga taya da zanenta raɗau amma robar ta bushe. Ka duba saura wata nawa binciken TÜV, wato na lafiyar mota, ya ƙare, duk shekara 2 ake yin sa, sannan ko tana da koren sitika na shiga tsakiyar birane.

Batirin ɗaki daban yake da na tayar da inji. Idan na gubar ne mai 100Ah, rabinsa kawai za ka ci, ka riƙa zuƙe shi ƙarƙaf zai mutu da wuri. Bakin tukunyar gas ta Jamus bai dace da na Faransa ko Sifaniya ba, ka sayi saitin adafta tun a Jamus. Na'urar ƙararrawar iskar carbon monoxide kuwa ba a jayayya a kanta, iskar ba ta da wari, kuma a barci take kisa.

Daga Frankfurt zuwa Algeciras, tashar jirgin ruwa a kudancin Sifaniya, ya haura kilomita 2,000, ka lissafa wajen lita 10 na dizal a kowace 100, ban da kuɗin manyan titunan Faransa. Jirgin ruwa daga nan zuwa tashar Tanger Med ta Maroko kamar awa ɗaya da rabi ne. Katin zamanka na Jamus yana ba ka kwana 90 cikin 180 a sauran ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, amma Maroko ba ta ciki, mai fasfon Najeriya sai da bizarta. Duba koren katin inshora: idan an soke MA, alamar Maroko, sai ka sayi wata inshorar a tashar jirgin. Kwastan za su ɗaura motar a fasfonka na wata 6, da ita ka shiga, da ita za ka fita. Kuma barin Jamus fiye da wata 6 yana kashe izinin zaman ɗalibi.

Kafin doguwar tafiyar, yi kwana biyu a wani Stellplatz, wato wurin saukar motocin kwana, kusa da garinku, ka gwada murhu da famfo da zubar da tankin banɗaki. Ka kuma rubuta tsayin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari, domin da yawansu sun kai mita 3, shingayen wuraren fakin kuwa wajen mita 2 ne.