Aikin haɗa matini a otal: ban sha ba, juyawa kawai nake yi, mene ne hukuncina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne a Mancesta ta ƙasar Ingila, ina aikin awa 20 a sati a wani otal don in samu na haya kuma in ɗan tura wa mahaifiyata. Da can a kicin nake ina wanke-wanke, yanzu wata uku kenan aka mai da ni ɓangaren mashaya saboda wai hannuna na da sauri. Abin da aka fi nema a wajena shi ne matini, haɗi ne na kayan maye iri biyu da ake kira jin da bamut, ana zuba jin mililita (mil) 60 da bamut mil 10 a kan ƙanƙara, in juya da doguwar cokali kamar sakan 30, in tace a kofi mai sanyi in sa zaitun ko ɓawon lemo. Wallahi Malam ban taɓa sha ba, sai dai ɗan ɗigon da ake ɗauka da tsinken roba a ɗiga a harshe don a ji ko haɗin ya yi, shi ma dole ne a aikin. Wani abokin aikina musulmi ya ce min a wajen Imam Abu Hanifa giya ta inabi ce kawai, jin kuwa da hatsi ake yinsa don haka ba komai. Malam ya matsayin aikina da albashina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, da zuciyarka ta natsu da maganar abokin nan naka da ba ka rubuto ba, to wannan damuwar da ta sa ka rubuto ka riƙe ta da kyau.

Aikin haram ne. Hadisin mutum goma da aka tsine wa a kan giya ka san shi tun kana Islamiyya, a cikinsu akwai mai ɗaukarta da mai shayar da ita, kai kuwa yanzu kai ne mai shayarwar da hannunka. Lokacin da kake kicin da ka tambaye ni da amsar ta fi wannan sauƙi, don asalin aikin wanke tukunya halal ne ko da wurin yana da gauraye. Ranar da aka miƙa maka cokalin nan hukuncin ya canza.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai a saƙonka shi ne abin da ka faɗa a tsakiya kamar ba komai ba, ɗigon nan na harshe. Ka yi rantsuwa ba ka taɓa sha ba, sannan a jimla ɗaya ka ce kana ɗanɗanawa. Ɗana wannan sha ne. Abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haram ne, haka Annabi (SAW) ya faɗa. Kuma ka yi lissafi da kanka, in a daren Juma'a ka haɗa kofi ashirin ko talatin kana ɗanɗana kowanne, nawa ya shiga cikinka kafin a tashi? Harshenka ma yanzu ya koyi bambance haɗin da ya yi da wanda ruwan ƙanƙara ya yi wa yawa, wato ya fara sabawa kenan, kuma wannan sabon shi nake ji maka tsoro fiye da maganar albashi. Wannan kam ka daina shi daga yau, ba sai ka samu wani aiki ba, ba sai ka yi shawara da kowa ba.

Toh sai maganar Abu Hanifa, Allah ya yi masa rahama, kuma zan ɗan daɗe a nan don na ga tana yawo sosai tsakanin yaranmu da ke waje. Gaskiya ne an ruwaito daga gare shi da malaman Kufa cewa sunan khamru na asali na ruwan inabi ne da ya tsima, sauran abubuwan da ake jiƙawa na hatsi ko zuma suna kiransu nabizu, suka ce abin da ya haramta a cikinsu shi ne adadin da ke bugarwa. Ba mu ɓoye wannan. Amma abokinka ko dai bai san abin da ke cikin kwalba ta biyun da kake ɗauka ba, ko ya sani ya yi shiru. Bamut giyar inabi ce. Ruwan inabi ne tsimamme ake ƙara masa barasa a jiƙa masa ganyaye da saiwoyi, har da wani ganye mai ɗaci ɗan dangin tazargaden da muka sani, a Turin ta Italiya aka fara sayar da irinsa na zamani a 1786, kuma a dokar Tarayyar Turai aƙalla kashi 75 cikin ɗari nasa dole ya zama giyar inabi. Ka juya kwalbar ka karanta. Kaga ashe mil 10 ɗin nan da kake ganin ba shi da yawa shi ne ainihin abin da Abu Hanifa da kansa ya ce ɗigonsa haram ne kuma najasa ne, sayar da shi bai halatta ga musulmi ba. Wato ko a kan ra'ayin da aka kawo maka, kofin da ke hannunka bai tsira ba.

Shi kansa jin ɗin fa? Nabizun da mutanen Kufa suke magana a kai abu ne da ake jiƙawa a tulu a sha don narkar da abinci ko samun ƙarfin jiki, kuma sun shardanta kada a sha shi don holewa da nishaɗi. Jin kuwa tatacciyar barasa ce da ake turarawa a sake tacewa da ƴaƴan itacen junifa, a dokar Ingila ba ta sauka ƙasa da kashi 37.5 cikin ɗari, yawanci 40 ne zuwa sama. Wannan ɗan ƙaramin kofin da kake miƙawa yawan barasarsa kusan ɗaya ne da na babban kofin giyar da suke kira faint. Wa ke shigowa mashayar otal ƙarfe goman dare ya biya kuɗin matini don ya samu ƙarfin tsayuwar dare? Sharaɗin ma bai cika ba balle a yi maganar hukuncin.

Sannan ra'ayin a karan kansa mai rauni ne, muna faɗin haka tare da girmama mai shi. Sayyidina Umar ya hau mimbarin Manzon Allah ya ce an saukar da haramcin giya alhali ana yinta da abu biyar, inabi da dabino da zuma da alkama da sha'ir, ya ce giya ita ce duk abin da ya lulluɓe hankali, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a gaban sahabbai ya faɗa. Anas bin Malik, ka lura da wannan don aikinku ɗaya a ranar, shi ne yake zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha lokacin da mai shela ya sanar an haramta giya, abin da ke tulunansu na dabino ne, ba wanda ya ce a dakata a tambaya ko inabi kaɗai ake nufi, aka ce masa ya fita ya zubar, ya zubar har ta malala a lungunan Madina. Su ne ma'abota harshen, a kansu ayar ta sauka, haka suka fahimta. Kuma Muhammad bin Hasan Asshaibani, ɗalibin Abu Hanifa, ya saɓa wa malaminsa ya bi jamhuru, malaman Hanafiyya na baya kuma a kan maganarsa suke ba da fatawa. To abokinka yana jingina da abin da ƴan mazhabar ma suka bari. Mu a wajenmu na Malikiyya dama babu wannan rabe-raben ko kaɗan.

Albashi kuma, abin da ka samu a kicin naka ne. Na wata ukun nan da tukuicin da masu sha suke bar maka kuɗin haram ne. Abin da ka riga ka ci ka biya haya tuba ta wadatar in sha Allah, abin da ya rage a hannunka ka fitar da shi ga mabuƙata ba da niyyar sadaka ba, in kuma kai ɗin ne mabuƙacin har fitar da shi zai sa a kore ka daga ɗaki, Ibn Taimiyya ya yi sauƙi ga mai tuba talaka ya riƙe gwargwadon buƙatarsa. Mahaifiyarka babu komai a kanta, kuma dan Allah kada ka kira ta ka tayar mata da hankali kan abin da ta riga ta ci ba ta sani ba.

Gobe ka samu manajanka cikin ladabi ka ce addininka bai ba ka damar haɗa giya ko ɗanɗana ta ba, kana so a mai da kai kicin ko gyaran ɗakuna, ka rubuta masa a imel ma don ya zama akwai shaida. Dokarsu ta daidaito ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a yarda a nuna wa ma'aikaci bambanci a kansu ba, ba ina ce maka dole su amince ba ne, amma ba roƙon abin kunya kake yi ba. In sun ce ka tsaya a kan lemukan da ba barasa, ka kula, ɗan ruwan ɗacin nan na Angostura da ake ɗigawa barasarsa ta haura kashi 44, kuma tsayuwa a bayan wannan kantar ko ta yaya ba zan so maka ita ba. In sun ƙi gaba ɗaya, a garin da kake akwai titin Wilmslow a unguwar Rusholme cike da gidajen abinci na musulmi, ka taka da ƙafarka ka nema, sai dai ka tambaya ko suna sayar da giya kafin ka karɓa don wasu suna yi, kuma kada neman halal ya sa ka karya sharaɗin bizarka na awa 20.

Rigar aikin nan da giya ke fantsamar mata, a mashhurin mazhabarmu najasa ce, ka ware wata daban ta sallah ka riƙa sa ta a jaka, ka wanke hannunka kafin alwala. Sallolin da ka yi a baya ba ka sani ba ba sai ka rama ba. Ban ji ka ambaci masallaci ko wasu ƴan uwa da kake zama da su ba a duk saƙon naka, sai wannan abokin aikin kaɗai, in haka ne ka nemi ƙungiyar ɗalibai musulmi ta jami'arku wannan satin. Ka sake rubuto min bayan ka ga manajan, ina so in ji yadda kuka yi.

Wallahu a'alam.