Kwas ɗin wata shida ba ya mai da mutum likitan haƙori

Tambaya: Likita, ɗana yana son aikin haƙori amma makinsa na JAMB bai kai ba. Wani a unguwarmu ta Rigasa ya ce in biya kuɗi ya koya masa cire haƙori da sa haƙorin Makka cikin wata shida, har ya ba shi takardar shaida. Ina tsoron yaron ya zauna haka, ina kuma tsoron a cuce mu.

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki. Digirin likitan haƙori, wato BDS, shekara 6 ne, kuma ana yinsa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, Bayero ta Kano da ta Maiduguri. Bayan haka akwai shekara guda ta horo a asibiti, da bautar ƙasa, da rajista a MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista. Idan makin bai kai ba, ya sake zama jarrabawar, ko ya nemi difiloma a fannin kula da lafiyar baki ko na ƙera haƙoran roba, waɗanda kowannensu ke da hukumar da ke yi masa rajista. Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar hukumar ta amince da makarantar. Aiki kuma akwai shi, a asibitin Barau Dikko da asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna, asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya da asibitoci masu zaman kansu, domin ma'aikatan haƙori sun yi mana ƙaranci a Arewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutane suka ɗauka cire haƙori aikin ƙarfin hannu ne kawai. Kusan kullum sai an kawo mini wanda aka yi wa aika-aika a shago. Na ga magidancin da aka karya masa haƙori aka bar saiwar a ciki, bayan kwana uku ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshensa ya ɗaga, yawu na zuba, numfashi na neman gagararsa. Irin wannan kumburi yana toshe maƙogwaro ya yi kisa. Mai shagon bai tambaye shi ko yana da ciwon sukari ko hawan jini ba, domin bai san cewa ya kamata ya tambaya ba. Bai san adadin allurar kashe zafi da jiki zai ɗauka ba, bai san abin yi idan jini ya ƙi tsayawa ba. Ƙarfen da aka dauraye da ruwan zafi aka sa wa mutum na gaba kuwa hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Wasu har tsutsa suke nuna wa mutane su ce daga haƙori ta fito, alhali ƙwayoyin cuta da zaƙi ne ke rarake haƙori.

Takardar da mutumin nan zai bayar babu asibitin da zai karɓe ta, kuma ranar da wani ya mutu a hannun ɗanki, ɗan naki hukuma za ta kama.