Yaya, ba tsiya ce ta sa na sa keken a kasuwa ba

Yaya na ga saƙonki, wai kin ga hoton keken jariri da na ɗora da farashi a ƙasa har kina tambaya ko lafiya. Wallahi lafiya lau muke alhamdulillah. Nan Danmak haka ake yi, likita da injiniya duk gwanjo suke saye su sayar, ba mai yi miki kallon banza.

Kuma ba irin ɗan keken nan ba ne da ake naɗewa a jefa bayan mota. Ƙaton abu ne, akwatin ya kusa mita guda, manyan tayoyi huɗu da rumfa da katifa, yaro yana kwanciya ciki har shekara biyu wani ma ya wuce. Shi ne gadonsa na rana. Mutanen nan a waje suke kwantar da jarirai, a baranda ko tsakar gida ko ƙofar shagon shan kofi, uwa tana ciki tana leƙowa ta taga da 'yar na'urar jin kukan yaro a gabanta. Har da hunturu fa! Hukumar lafiyarsu dai ta ce in sanyi ya kai digiri 10 ƙasa da sifili kar a fitar, in bai kai ba sai a zura shi cikin buhun barci mai ɗumi a sa masa hular ulu a tura shi waje, su a ganinsu ya fi yin barci mai nauyi. A 1997 wata 'yar ƙasar nan ta yi haka a New York, ta bar 'yarta a ƙofar gidan abinci, 'yan sandan Amurka suka kama ta, nan kuwa mutane suka yi ta mamakin wai mene ne laifinta.

Nawa na kamfanin Odder ne, sunan wani gari kudu da birnin Aarhus, tun 1925 suke wannan sana'a. Sabo mai kyau yakan wuce kurona 6,000 na kuɗin ƙasar nan, to wa zai bar wannan kuɗi yana ruɓewa a ɗakin ajiya? Sai ki ɗauki hoto ki sa a DBA, da can jaridar tallace-tallace ce tun 1981 yanzu ta koma manhaja, ko a Facebook. Ciniki kuma ba daɗi, ba wani albarka albarka, mutum zai nemi ragi sau ɗaya in kin ƙi shi ke nan, ya turo kuɗi ta MobilePay, manhajar biyan kuɗi ta waya, ya tura kayansa.

Amma dubawa kam sun iya. Kafin su zo sun tambaya ana shan taba a gidan? akwai kyanwa ko kare? a ina ake ajiye shi? In sun zo mace za ta ɗaga katifa ta sa hanci ta shinshina, ta buɗe lungun rumfar tana neman baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna, don ƙasar akwai danshi, in ta ga ko ɗaya ko kyauta ba za ta karɓa ba. Mijin yana can yana taka birki yana juya tayoyi. Katifa kuma da yawa sabuwa suke sayowa. Ni wannan ya burge ni gaskiya.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, 'yan Najeriya da Nijar da Gana duk tare muke, kuma ba mu bar halinmu ba, sai an fara tambaya a guruf ko akwai mai ciki ko mai jego da ke so, in akwai kyauta ne ba zancen kuɗi. Bana duk suna da shi, gidajen kuma ƙanana, shi ya sa ya tafi kasuwa. Goyo ma ba mu daina ba, zani da majanyi suna nan, in yaro na rigima bayan uwa ne maganinsa. Kwantarwa a waje kuwa kowa da inda zuciyarsa ta tsaya, ni baranda na yarda amma bakin titi a'a, ko da yake a gidan raino a waje suke jera su a gadajen katako mu ma mun haƙura.

Batun in aiko wa amaryarmu kuwa ki bar shi Yaya, kuɗin dakonsa sai ya fi kuɗinsa, kuma don sanyi aka ƙera shi, a zafin Kano na watan Afrilu gasa yaron za a yi. Ki faɗa min watan haihuwar in haɗa mata kayan sawa da barguna marasa nauyi, akwai mai zuwa gida bayan salla.