Dawa tana kashe ciyawa da kanta?

Tambaya: Malam, na lura duk inda na shuka dawa ta cika gona, ciyawa ba ta yin ƙarfi kamar a gonar masara. Inuwa ce ke danne ta, ko akwai wani abu?

Amsa: Inuwa na da nata rabon, amma lurarka gaskiya ce, akwai wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Wasu tsirrai na fitar da sinadarai ta saiwa, ko ta ganye da kara idan suna ruɓewa, waɗanda ke hana irin maƙwabta tsirowa ko su tsumburar da shi. Masani ɗan Ostiriya Hans Molisch ne ya raɗa wa lamarin suna alilofati a 1937.

Dawa na cikin gwanayen wannan faɗa. Ƙananan gashin saiwarta na fitar da wani abu mai maiƙo da ake kira sogoliyon. Ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka yakan maƙale a ƙasar da ke kewaye da saiwar. Ƙaramar ciyawa da ta sha shi, sai ya toshe mata hanyar da ganye ke bi ya mayar da hasken rana abinci, ta yi ta ramewa. Ya fi cin ciyayi masu ƙananan iri da faffaɗan ganye. A Pakistan har jiƙa karan dawa ake yi a fesa ruwan a gonar alkama, kuma ciyawa na raguwa, sai dai bai kai maganin feshi ƙarfi ba.

Amma a kula, sinadarin bai san ciyawa da amfanin gona ba. Kayan lambu masu ƙananan iri kamar latas da tumatir na iya wahala idan aka yafa su nan take a inda aka girbe dawa. A bari karan ya ruɓe tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta-wuta. Ita saiwar dawa ba ta kashe ta, ta da irinta ma take yi daga barci. A Kenya, masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta icipe sun gano cewa wani ɗan dangin wake, dasmodiyam, idan aka shuka shi tsakanin layukan hatsi, yakan sa irin wuta-wuta ya tsiro sannan ya hana shi kama saiwar hatsin.

Shawarata, ka cika gonar da shuka, ka bar kara ya rufe ƙasa, amma kada ka fasa noman fari a kan kari.