Kafin kyamara, a fara da rajista da makullai

Malam, ka ce an ware muku ɗan kuɗi don ƙarfafa tsaron ƙaramin gidan adana kayan tarihi da kake kula da shi, kana tambaya ko ka zuba su duka a kyamarori. Shawarata kada ka yi haka. Kyamara tana nuna maka yadda aka yi sata ne bayan an gama, ba ta riƙe hannun ɓarawo.

Fara da rajista. Kayan da ba shi da lamba da hoto, ko an ɗauke shi ba za ka sani ba, in ma an gan shi a kasuwa ba ka da hujjar cewa naku ne. A 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya bayyana cewa kaya kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace, galibi ƙananan duwatsu masu daraja da kayan ado da ke cikin ma'aji, da yawansu ba a yi musu cikakkiyar rajista ba. Don haka kowane kaya ya samu lamba, hoto gaba da baya, tsawo da faɗi da nauyi, abin da aka yi shi da shi, da duk wata tsaguwa, gyara ko rubutu da ke jikinsa. Tsarin rubuta bayanan kayan tarihi mai suna Object ID, da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya (ICOM) ke kula da shi, zai yi maka jagora. A ajiye kwafi ɗaya a wajen ginin. Duk wata a zaro lambobi 20 ko 30 ba tare da zaɓe ba, wanda ba shi ne mai kula da ma'ajin ba ya je ya gan su da idonsa.

Sai makullai, kuma nan ne aka fi sakaci. Kowane makulli ya kwana a akwati mai kulle, mai ɗauka ya sa hannu da lokaci. Kada mutum ɗaya ya shiga ma'aji shi kaɗai, ko da shugaba ne, haka mai bincike ko ɗan kwangila, sai da rakiya. Wannan ba zargin ma'aikata ba ne, kāriya ce gare su ranar da wani abu ya ɓace. Makulli ya ɓata, a canza kwaɗon a ranar.

Masu gadin dare su riƙe doka ɗaya: ba a buɗe wa kowa ƙofa, komai kayan da ya sa, sai an kira ofishinsa ta lambar da aka riga aka sani. A 1990 a Boston ta Amurka, mutum biyu sanye da kayan 'yan sanda aka buɗe musu gidan tarihin Gardner, suka ɗaure masu gadi, suka tafi da kaya 13 da har yau ba a gano su ba. Maɓallin neman agaji ɗaya ne, a teburin mai gadi, kuma ɓarayin sun janye mai gadin daga wurin. Shi ya sa ya kamata kowane mai gadi ya riƙe nasa a jiki.

Bayan haka ka auna lokaci. Minti nawa agaji ke ɗauka kafin ya iso bayan ƙararrawa ta kaɗa? Idan 15 ne, ƙofa da taga da akwatin nuni su iya tsayar da ɓarawo fiye da haka. Gilashin akwati ya zama mai ninki da roba a tsakiya, wanda ko ya tsage ba ya zubewa, akwatin kuma a ɗaure shi da ƙasa. Na'urar jin motsi da jijjiga ta kasance tun daga tagogin waje, don ƙararrawa ta tashi tun ana ƙoƙarin shiga. A sa mata batir, domin ɓarayi kan fara da yanke wuta. Yanzu ne kyamara za ta shigo: daidai tsayin fuska a duk mashiga da ƙofar ma'aji, hoton kwana 30 a ajiye, na'urar naɗin a ɓoye a kulle, agogonta daidai.

Gobara ta fi ɓarawo ɓarna. Wutar da ta cinye gidan tarihin ƙasa na Brazil a 2018, mai kaya kusan miliyan 20, daga na'urar sanyaya ɗaki ta tashi. A sa ƙwararre ya duba wayoyin lantarki duk shekara, a sa na'urar jin hayaƙi har cikin ma'aji da rufi. Abin kashe gobara mai hoda yana lalata zane da yadi, a zaɓi mai feshin ruwa laushi, mai iskar gas kuma kusa da kayan lantarki. A kai wa 'yan kwana-kwana taswirar ginin da jerin kaya goma da za a fara fitarwa.

Abin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne ƙofar fita ta gaggawa. Kada a taɓa sa mata sarƙa da kwaɗo alhali akwai mutane a ciki, wai don tsoron sata. A sa ƙofa mai buɗewa daga ciki da turawa, a haɗa ta da ƙararrawa. A yi atisayen fitar da jama'a sau biyu a shekara, a ware wanda zai kula da yara da masu keken guragu. Kuma a faɗa wa ma'aikata a rubuce cewa idan mai makami ya shigo, ba kokawa, ba bin sa; su danna maɓalli, su janye baƙi, su riƙe kamanninsa da hanyar da ya bi.