Tambaya da Amsa: Binciken jami'a da ake yi don jama'a

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a sashen nazarin al'adun ɗan Adam. An ce mu yi bincike mai amfanar al'umma. Me ya raba shi da wanda aka saba, kuma ta ina zan fara? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Abin da ya raba su shi ne wanda ya kawo tambayar. A binciken da aka saba, daga ɗakin karatu ake fitowa da ita. A wannan kuwa, masu matsalar ne ke faɗin abin da ya dame su: me ya sa mata ba sa zuwa awo alhali asibiti na kusa, ko me ya sa famfo ya lalace aka rasa mai gyara. A 1948 Sol Tax, masanin al'adun ɗan Adam na Jami'ar Shikago, ya tura ɗalibansa wurin al'ummar Meskwaki, 'yan asalin ƙasar Amurka da ke jihar Iowa, kuma ƙa'idar da ta fito daga aikin ita ce mai bincike ya bayyana wa mutane zaɓin da ke gabansu, su kuma su yanke shawara.

Kafin ki ɗauki muryar kowa, ki zauna da su ku rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya ko biyu: mene ne tambayar, a hannun wa muryoyin za su zauna, wa zai karanta rahoto kafin ya fita, yaushe za ki dawo da sakamako. Daga nan ki yi 'yan makonni kina zama cikinsu kina lura, don abin da mutum ke faɗa da abin da yake yi ba kullum suke haɗuwa ba. Hira da mutum 20 zuwa 30 takan wadatar, muddin ba shugaba ne ya zaɓo miki su duka ba. Shi na kusa da shi zai kawo. Tattaunawar rukuni kada ta wuce mutum 6 zuwa 10, kuma a ware waɗanda ba sa iya buɗe baki a gaban na sama da su.

Inda ɗalibai ke yawan faɗuwa shi ne mayar da murya rubutu. Hirar awa ɗaya takan ci awa 4 zuwa 6. Hira 25 ke nan awa 100 zuwa 150, tun ba a fara nazari ba. Wanda bai sa wannan a lissafi ba, lokacin da ya ware don komawa wurin jama'a shi yake cinyewa.

Tambaya: Shugaban al'umma ya ba mu izini. Sai mun sake neman na kowa? (Daga wani mai bincike)

Amsa: Ƙwarai, Malam. Izininsa na shiga gari ne kawai. Kowane mutum sai ya ji me za a yi da maganarsa, ya kuma san yana iya janyewa. Wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaida. Izinin ma yana da iyaka. Wajen 1990 masu binciken Jami'ar Jihar Arizona sun ɗebi jinin 'yan al'ummar Havasupai, 'yan asalin ƙasar Amurka, don binciken ciwon suga, aka yi amfani da shi a wasu binciken da suka ce ba su amince da su ba. A 2010 hukumar Jami'ar Jihar Arizona ta biya su dala 700,000, ta mayar musu da jinin. Canja suna kuma ba ya ɓoye mutum a ƙaramin wuri: in ungozoma ɗaya ce, kowa ya san wadda ta yi maganar.

Tambaya: Masu bincike sun zo ƙungiyarmu, sun tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Yanzu wasu sun zo. Me za mu nema? (Daga sakataren wata ƙungiya)

Amsa: Yawanci ba mugunta ba ce, zangon karatu ne ya ƙare, ɗalibi ya karɓi takardarsa ya yi gaba. Don haka ku nemi sunan malamin da ke kula da aikin, shi da zai ci gaba da zama a jami'ar, ya sa hannu. Ku nemi zama ɗaya kafin a kammala rahoto, inda za ku iya cewa nan an fahimce mu a baibai, sannan taƙaitaccen bayani na shafi biyu a harshenku. Kundi mai shafi 200 ba ya yi muku aikin komai. Kuna ma iya rubuta naku sharuɗɗan, kamar yadda al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta yi a 2017. Idan suka ƙi sa ranar dawowa a rubuce, kada ku ba su izini.