Na ce rafli ya ci kuɗi, yanzu lauyansa ya aiko mini da takarda

Tambaya: Barista, ni nake horar da yaran unguwarmu a Kano. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar unguwanni, rafli ya ba abokan karawarmu fenariti ana saura minti biyu a tashi, aka fitar da mu. Da dare raina a ɓace na rubuta cewa kuɗi ya karɓa ya sayar da wasan, na sa sunansa da hotonsa, na tura wa mutane ta waya. Lauyansa ya ba ni kwana bakwai in janye ko mu haɗu a kotu. Wani ne ya ce mini ya ga an miƙa masa ambulan. Ina mafita?

Amsa: Koci, na san zafin abin. Wata da watanni kana tara yara da asuba, wataƙila kai kake saya musu ruwa da ƙwallo, sai busa ɗaya ta rushe komai. Amma gaskiya, a yanzu kai ne a ƙasa.

Da ka tsaya a kan cewa fenaritin ba ta halatta ba, ko raflin bai iya aikinsa ba, da babu abin da zai tsorata ka. Wannan ra'ayi ne a kan abin da ɗaruruwan mutane suka gani a fili, doka kuma ta yarda da shi in dai da zuciya ɗaya aka faɗa. Cewa ya karɓi kuɗi kuwa zargin rashin amana ne, kuma kai za ka kawo hujja, ba shi zai wanke kansa ba. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki, sai sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi domin kare haƙƙin wasu. Mutuncin raflin na cikin wannan haƙƙi.

Hanya biyu ce a gabansa. Yana iya kai ƙara kotun majistare, domin Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka, ya bayyana ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Yana kuma iya zuwa Babbar Kotu neman diyya, inda rubutaccen ɓatanci ba ya buƙatar ya nuna asarar ko kwabo. Hoton rubutunka da wani ya ɗauka a waya zai iya shiga shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, saboda haka gogewa kaɗai ba ta kashe magana.

Batun ambulan shi ya fi damuna. "An ce mini" ba kariya ba ce. Wanda ya maimaita ƙazafi, doka na kallonsa kamar shi ya ƙirƙira. Je ka zauna da mutumin nan. Me ya gani da idonsa, a ina, wa ya miƙa, ya san abin da ke ciki? Zai tsaya gaban alƙali ya rantse? A sanina, irin waɗannan shaidu sukan noƙe da zarar sun ji an ambaci sammaci.

In ya tsaya da ƙafarsa, rubuta ƙorafi zuwa ga kwamitin shirya gasar, ka sa hannu, ka tsaya a kan abin da aka gani. Ƙorafin da aka kai da kyakkyawar niyya ga masu ikon hukunta rafli yana da kariya. Da wannan ya kamata ka fara tun farko.

In kuwa ya noƙe, kada ka bari kwana bakwai ɗin su cika. Cire rubutun, ka hana yaranka yaɗa shi, kada ka ƙara ko kalma. Nemi lauya ya duba takardar janyewa kafin ka sa hannu, don kada ban haƙuri ya zama alkawarin biyan kuɗin da ba ka da shi. Sannan ka ɗauki mai unguwa ko shugaban kwamitin ku je wa raflin har gida, ka kuma tura janyewar ga mutanen da ka tura wa zargin, da sunansa a jiki kamar yadda ka yi da farko.